Me Ya Sa Zafi Ke Fasa Gwangwani Da Jarka?

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi yakan haura digiri 40. Cikin motar da aka kulle a rana kuwa, yakan kai 60. A wannan lokaci ne kayan da muka saba da su ke zama haɗari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ko iska in suka ji zafi sai su buɗe, su nemi ƙarin wuri. In an rufe su a mazubi, sai su yi ta tura bangonsa har ya gaza. Ruwan da ya zama tururi yakan ninka girmansa kusan sau 1,700, abin da ke fasa ƙwayar masara ta zama gugguru ke nan. Shi ya sa ake rubuta gargaɗin digiri 50 a jikin gwangwanin maganin sauro, kuma ba a cika tukunyar gas fiye da kashi 80 cikin 100.

Fetur ya fi ban tsoro. Tururinsa ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa ya tarar da murhu ko injin janareta mai zafi. 'Yan bumburutu da ke jera jarkoki a bakin titi su samar musu inuwa, nesa da masu suya.

Batirin waya ma, in ya kumbura, a daina yi masa caji. Gwangwanin feshi da ya ƙare kada a jefa shi a wutar shara, domin akwai sauran gas a ciki.