GWANGWANIN TOSHE YOYON GAS: MAGANI NE KO ƘARIN CUTA?

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Ikko da asubar fari cikin bazara, ya nufi Minna ganin gida, ya san inda wahalar hanya take somawa. Daga Agege zuwa Badun, har a wuce Ogbomosho a kai Ilori, jiki bai san ana yi ba. Amma da an haye gadar Jebba an shiga Jihar Neja, rana ta take, sai mutum ya ji kamar an buɗe masa bakin tanda. Haka za a yi ta fama ta Mokwa, ta Bida, har a iso Kpakungu, watau ƙofar shiga Minna ke nan, bayan tafiyar da ta haura kilomita 600. A watannin Maris da Afrilu awon zafi a Minna yakan kai digiri 37, wani lokaci ma ya taɓa 40. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar Salla, lokacin da 'yan'uwanmu mazauna kurmi sukan je gida, tana faɗowa tsakiyar wannan zafi. A 2024 an yi ta ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuwa ran 30 ga Maris.

Sabo da haka iyakwandishan ɗin mota, wanda yaran zamani ke kira esi, ya wuce abin ƙawa ga mai irin wannan tafiya, balle in da ƙananan yara, ko tsoho, ko mace mai ciki a motar. To, a nan ne wani ɗan gwangwani yake shigowa cikin zancen, kuma a kansa muke so mu yi magana yau.

Yadda Abin Ke Faruwa

Labarin kusan iri ɗaya ne. Saura kwana uku a tashi, maigida ya kunna iyakwandishan sai ya ji iska mai ɗumi, alhali bai fi wata guda da ɗura gas ba. Ya garzaya wurin masu sayar da kayan gyara, ko a kasuwar Ladipo ta Mushin ko a bakin titi, sai wani ya miƙo masa gwangwani ya ce ga maganin yoyo, ba sai an kwance komai ba, a ɗura shi tare da gas kawai, zai bi bututu ya nemo hujin da kansa ya toshe. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na gyara, ga shi ba za a rasa yinin aiki ba. Aka ɗura, sanyi ya dawo, kowa ya yi murna.

Wani yakan yi sa'a ya je ya dawo lafiya. Wani kuwa kafin ya kai Bida sanyin ya ɗauke. In ya isa Minna ya kai motar Ƙetaren Gwari wurin makanikai aka kwance, sai a tarar wani abu kamar busasshen ƙaro ya cushe ƙananan hanyoyin da gas ke bi. Mutumin da dā zoben roba ɗaya zai saya, yanzu sai ya sayi kwandensa, da diraya, da bawul, wata sa'a har da kwamfireso. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Gas Ba Ya Ƙarewa Haka Kawai

Kafin mu gane laifin gwangwanin nan sai mun san yadda na'urar take aiki. Gas ɗin yana zagayawa ne cikin rufaffiyar hanya, kamar jini a jikin mutum. Kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, shi ne zuciyar. Yana matse gas ya tura shi da zafinsa zuwa kwandensa, watau wannan abu mai kama da lagireto da ke gaban lagireto. A can iska ta huce shi ya koma ruwa. Daga nan sai ya bi ta diraya, wani ɗan tulu da ke tace datti ya kuma tsotse laima. Sa'an nan ya kai ga bawul, wata 'yar ƙofa mai ƙunci ƙwarai, ya fesu cikin akwatin sanyi da ke ɓoye bayan dashbod. Da ya fesu sai ya sake komawa iska, yana kwashe zafin cikin mota, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa sa'ad da gumin jikinta ke bushewa. Fanka ta huro sanyin, gas ya koma wa kwamfireso, a sake zagaye.

Abin lura a nan shi ne, gas ɗin nan ba fetur ba ne, ba a ƙona shi. Ƙaramar mota takan ɗauki gram 400 zuwa 800, kuma adadin da taka take ɗauka yana rubuce a wata 'yar takarda da aka liƙa a ƙarƙashin bonet. Lafiyayyar na'ura takan yi shekaru ba ta nemi ƙari ba. In dai ana ɗura maka gas duk bayan wata biyu, to akwai yoyo, kuma zuba ruwa a kwando kake yi. Har ila yau, gas ɗin shi ke ɗauke da man da ke shafa kwamfireso. Inda gas ya zurare mai ma yana bin sa, sai kwamfireso ya riƙa aiki a bushe har ya kama.

Wuraren da yoyo ya fi fitowa sanannu ne. Akwai zoben roba da ke mahaɗar bututu, wanda ke bushewa in ya tsufa. Akwai tiyo, da bakin ɗura gas mai kama da bawul ɗin taya, da wuyan kwamfireso. Akwai kuma kwandensa, wanda yake gaba-gaba yana karɓar tsakuwar hanya, ga gishirin iskar teku na Ikko yana cin sa. Motocin tokumbo da yawa ma sun zo da nasu tsatsan, domin a ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara.

Me Ke Cikin Gwangwanin?

Maganin toshe yoyo iri biyu ne. Na farko yana sa zoben roba ya yi laushi ya ɗan kumbura, sai ƙaramin yoyon da ke mahaɗa ya tsaya na wani lokaci. Wannan bai cika yin ɓarna ba, amma ba ya yi wa hujin ƙarfe komai.

Na biyu shi ne mai haɗari. Wani ruwa ne da ke tafiya tare da gas da mai, kuma an haɗa shi yadda in ya gamu da laima zai daskare. Dabarar ita ce, in ya iso bakin huji ya leƙa waje, sai laimar iskar waje ta daskarar da shi a wurin ya zama faci. A takarda dabara ce mai kyau. Amma maganin ba shi da ido. Bai san bambanci tsakanin laimar da ke waje da wadda ke cikin bututu ba, duk inda ya same ta nan zai ƙame.

To, ka duba motar ɗan'uwanmu da ke Ikko ko Fatakwal. Gas ya zurare, na'ura ta zauna wofi mako biyu ko wata guda a garin da iskarsa jiƙe take. Hujin da gas ya fita ta nan, ta nan iska mai laima take shiga. Dirayan da ya kamata ya tsotse laimar ya riga ya ƙoshi tun da daɗewa, domin galibi ba a taɓa canza shi ba tun da aka ƙera motar. Sa'an nan mai ɗura gas na bakin titi bai zuƙe iskar ciki ba, ya jona gwangwani kawai. Sai maganin ya daskare a ciki, kuma inda ya fi ƙunci nan yake fara toshewa, watau bawul da kwandensa. Kwandensan motocin zamani hanyoyinsa sirara ne, wasu da kyar allura za ta shige su, ba sa wankuwa in sun toshe, sai dai a jefar.

Me ya sa abin bai cika bayyana ba sai an hau arewa? Dalili shi ne, gwargwadon zafin gari gwargwadon ƙarfin matsin gas a cikin bututu. Na'urar da ta ɗan toshe tana iya lallaɓawa da safe a Badun. Amma da azahar tsakanin Mokwa da Bida, ga ƙura ta lulluɓe kwandensa, ga mota cike da mutane da kaya, matsin yakan yi yawa har na'urar ta kashe kanta, ko tiyo ya fashe, ko kwamfireso ya gaji.

Masu ƙera kwamfireso da yawa ba sa karɓar kayansu a mayar in suka ga alamar maganin nan a ciki. A Turai da Amurka kuwa gareji da dama sai sun gwada mota sun tabbata babu shi kafin su jona mata injinsu na kwashe gas, domin injin ma toshe shi yake yi.

Ashe Ba Shi Da Amfani Sam?

Gaskiya ba za a ce haka ba. In yoyon ƙarami ne ƙwarai, irin wanda gas ke yin watanni kafin ya ragu, kuma yana wurin da ke da wuyar kaiwa kamar akwatin sanyi, wanda sai an kwance dashbod gaba ɗaya, kuma motar ta tsufa har kuɗin gyaran ya fi ƙarfin darajarta, to mutum yana iya gwadawa da saninsa. Ko a nan ma sai an sa sabon diraya, an zuƙe iska da laima sarai tukuna, kuma gwangwani ɗaya tak. Amma in gas yana ƙarewa cikin kwanaki, ko tiyo ya tsage, ko yoyon a wuyan kwamfireso yake inda ƙarfe ke juyawa, to babu gwangwanin da zai yi magani.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da fari, a nemo yoyon. Buɗe bonet ka duba da idonka: duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin bututu ko kwandensa, can ne. Makanike na kirki zai shafa ruwan kumfar sabulu a mahaɗai ya ga inda ke tasowa, ko ya zuba wani rini da ke haskawa a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko ya matsa iskar naitirojin ya ga ko geji zai sauka. Kada ka yarda a yi wannan gwaji da iskar tulun mai walda, domin in ta haɗu da mai tana fashewa.

Na biyu, a canza abin da ya lalace, a kuma sa sabon diraya in na'urar ta daɗe a buɗe. Na uku, a jona injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, sa'an nan a kashe shi a tsaya a ga ko allurar geji za ta motsa. In ta motsa, da sauran yoyo. Na huɗu, a ɗura gas da sikeli daidai adadin da ke rubuce, domin yawansa ma cuta ne kamar ƙarancinsa. Ka tsaya a yi duk wannan a gabanka. In kuwa ka riga ka zuba maganin, to ka gaya wa makaniken gaskiya tun kafin ya taɓa motar.

Sai kuma irin gas ɗin. Tsofaffin motoci R-12 suke sha, wanda aka gano yana cin rufin sararin sama da ke kare mu daga zafin hasken rana. Sabo da shi da ire-irensa ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, Nijeriya ta shiga a 1988, kuma wa'adin daina shi a ƙasashe masu tasowa ya cika a farkon 2010. Daga wajen 1994 yawancin motoci suka koma R-134a. Sababbin motocin Turai kuwa tun 2017 ba a yarda su fito da R-134a ba, galibinsu R-1234yf suke sha. Kowanne da irin mansa, ba a cakuɗa su. A kuma yi hattara da jabun gas mai araha. A 2011 an sami jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam, ya fasa na'urorin sanyaya kwantenoni a Biyetnam da Barazil, har mutum uku suka rasu. Gas ɗin girki kuwa, ko da zai ba da sanyi, wuta ce ka ajiye a gaban iyalinka.

Wani abu kuma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa sun daina kunna iyakwandishan sai ranar tafiya mai nisa. Zaman banza na watanni shi ke busar da zoben roba, domin mai ba ya zagayawa ya shafe su. Kunna shi minti 10 a kowane mako, ko da damina ne, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwa mai niyyar zuwa gida, masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai motarka a duba tun da sauran mako biyu ko uku, domin in an gyara ka sami lokacin gani ko sanyin ya zauna. In kuwa lokaci ya ƙure, gara ka kashe na'urar, ka sauke gilashi, ka tanadi ruwan sha mai yawa, ka tsara tafiyarka yadda ba za ka ratsa Mokwa da tsakar rana ba, in ka isa Minna ka ba da aikin a yi shi a tsanake. Allah ya kai mu gida lafiya, ya kuma dawo da mu lafiya.