Kafanchan: Yadda Masu Ɗinkin Bargo Ke Cin Uwar Kuɗinsu Ba Tare Da Sun Sani Ba

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, iskar hunturu ta fara saukowa daga tsaunukan Jos da duwatsun Kagoro, sai shagunan masu ɗinkin bargo, zanen gado, labule da matasan kai su cika da aiki a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita kamar Zonkwa, Kwoi da Kachia. Lokacin sanyi a wannan yanki kan haɗu da Kirsimeti, da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da kuma bukukuwan aure waɗanda akan ajiye sai kuɗin amfanin gona ya shigo hannu. Wanda ya leƙa shagunan a watan Disamba zai rantse masu su sun yi arziki. Sai dai kafin watan Maris da yawa daga cikinsu kan tarar kuɗin da ke hannunsu ba zai sayi yawan yadin da suka fara kakar da shi ba. An yi ciniki, an sha wahala, amma jarin ya ragu.

Ita dai sana'ar cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi ta da ɗinki ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da ita aka yi lifidi, wato rigar yaƙi mai kauri da ake cika wa audugar rimi a sa wa doki da mahayinsa, wadda har gobe ake gani a hawan Sallah a Kano da Zazzau da Katsina. Da ita kuma aka yi katifu da matasan kai kafin katifar soso ta kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka ta mamaye ɗakuna. Bargon zamani da ake ɗinkawa yanzu, mai yadi sama da ƙasa da audugar roba a tsakiya, jikan wancan aikin ne, sai dai kusan duk kayan haɗinsa daga nesa suke zuwa.

A nan matsalar ta faro. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun daga 1927, lokacin da ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Albashin ma'aikatan jirgi shi ya riƙe kasuwar garin shekaru da dama, kuma yadin da teloli ke ɗinkawa daga masaƙun Kaduna yake fitowa. Duka biyun sun ja baya. Harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Mai ɗinki a Kafanchan ya koma dogaro da yadin da ake sarowa daga Kantin Kwari a Kano ko daga Aba da Onitsha, wanda akasarinsa daga ƙasar Sin aka shigo da shi. Ma'ana dai kayan aikinsa suna bin farashin Dala, alhali abokin cinikinsa malamin makaranta ne ko manomin citta mai samun Naira.

Masu dogon tunani a cikin sana'ar sun taɓa ganin irin wannan rana. Kafin Shirin Gyaran Tattalin Arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 Dala ta haura Naira 80 a kasuwa. Litar man fetur ta tashi daga kwabo 70 a 1993 zuwa Naira 11 a 1994, hauhawar farashin kayayyaki kuwa ta kai kusan kashi 73 cikin ɗari a 1995. Tarihi ya maimaita kansa bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, Babban Bankin Nijeriya kuma ya saki Naira a watan Yuni na wannan shekara. Dalar da take wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a 2024, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a wurare da dama, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024.

Waɗannan alƙaluma kowa ya ji su a rediyo. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda suke shiga cikin lissafin bargo ɗaya.

A ɗauka, a matsayin misali, wata mai ɗinki ta sayi yadi, audugar roba, zare da zik na bargon babban gado a kan Naira 20,000, ta sayar da shi Naira 26,000. A lissafinta ta ci ribar Naira 6,000, kuma a kan haka za ta ba da kuɗin cefane. To amma kayan tun watanni uku da suka wuce ta saro su, wanda ya saya kuma sai ƙarshen wata zai cika mata kuɗi. Hauhawar kashi 34.8 a shekara daidai take da kimanin kashi biyu da rabi a kowane wata, wato a cikin watanni huɗu kayan Naira 20,000 sun koma wajen Naira 22,000. Naira 2,000 ta tafi ke nan tun kafin a taɓa komai. Da a 1995 ne, da abin da zai tafi ya kusa ninka haka. Sai a cire rabon wannan bargo daga kuɗin hayar shago, kuɗin mota zuwa sari, man janareta, allura, gyaran keke da abincin yarinyar da ke koyon aiki, a ce Naira 2,500. Abin da ya rage Naira 1,500 ne. Idan aikin ya ci kwana uku, mai sana'ar ta yi wa kanta aikin Naira 500 a wuni.

A kwatanta wannan da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a watan Yuli na 2024. Idan aka raba shi kwana 26, wanda su ne kwanakin aikin tela a wata, kowane wuni ya tashi kusan Naira 2,700, kwana uku kuma wajen Naira 8,000. Ashe bargon da aka sallama Naira 26,000 bai kamata ya gaza Naira 32,500 ba, kuma ko a hakan ba a yi maganar riba ba tukuna, an dai biya mai ɗinki ladan ɗan sako ne kawai. Tunda Naira 1,500 ba ta ciyar da gida kwana uku, ragowar kuɗin cefanen daga uwar kuɗi yake fita. Shi ya sa shekara kan juyo a ga kantar shago ta rage cika, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan rashin ciniki ko sammu.

Kuskuren guda biyu ne, kuma sun zama ruwan dare a ƙananan sana'o'in hannu. Na farko, ana yanke farashi a kan abin da aka sayi kaya jiya maimakon abin da za a sake sayensu gobe. Na biyu, mai sana'a ba ya ƙidaya lokacinsa a matsayin kuɗi, musamman matan da ke aiki a cikin gida, waɗanda ba su biyan haya kuma suke ganin duk abin da ya hau kan kuɗin yadi alheri ne. Waɗannan su ke karya farashin kasuwa ba da mugun nufi ba, sai mai shago ya rasa yadda zai yi ya bi su. Ga kuma yawan hannu. Tun da aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a zamanin SAP, kusan duk shirin koyar da sana'a da gwamnati ko ɗan siyasa ya kawo sai ya ƙare da rabon keken ɗinki. Ana ƙara masu ɗinki, ba a ƙara masu saye, ba a kuma koya wa kowa lissafin farashi.

Sai dai faɗin cewa a ƙara kuɗi ya fi aikatawa sauƙi. Akwai rufin da farashi ba ya iya wucewa, kuma gwanjo ne ya kafa shi. Duk da cewa doka ta daɗe da hana shigo da tufafin gwanjo, diloli na ci gaba da shigowa ta Kwatano, a cikinsu har da barguna masu kauri na ƙasashen sanyi. Ga kuma barguna masu gashi na ƙasar Sin a cikin jakar leda. Uwar amarya da aka gaya wa Naira 32,500 za ta ce, "Haba Maman Yara, a rage mini mana," idan aka ce mata albarka sai ta zarce layin 'yan gwanjo. Aljihun mai saye ma ya yi rauni. Cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a ta jawo asarar biliyoyin Naira, kuma kuɗin citta shi ne ke motsa kasuwannin yankin a ƙarshen shekara.

Har ila yau akwai haɗarin da mai ɗinki a Kano ko Zariya bai san shi kamar na Kafanchan ba. An ƙona babbar kasuwar garin a rikicin bayan zaɓe na watan Afrilu, 2011, mutane da yawa suka rasa kekuna da kaya a dare ɗaya. A watan Disamba na 2016 kuma an sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jema'a ana dab da Kirsimeti, daidai lokacin da ake tara cinikin shekara. Wanda ya ga haka ba zai yarda ya tara kaya da yawa a shago ba, alhali tara kaya da wuri ita ce kariya mafi sauƙi daga tashin farashi.

Duk da haka akwai hanyoyin da ke rage asara, kuma babu wadda ke bukatar taimakon gwamnati. Mafi ƙarfinsu ita ce raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, kamar yadda telolin riguna suka saba tun fil azal: mai bargo ya kawo yadinsa da audugarsa, ko a rubuta masa abin da zai sayo, mai ɗinki ya karɓi ladan aikinsa kawai. Ta haka haɗarin tashin Dala ya koma kan mai kaya, wanda shi sau ɗaya zai saya. Idan kuma ya fi son a saya masa, sai ya ba da kafin alƙalami wanda ya kai kuɗin kayan gaba ɗaya, a sayo su a ranar. Farashin da aka faɗa wa mutum yau kuma bai kamata ya tsaya har wata biyu yana jiransa ba.

Shi kansa kuɗin hannun yana son ma'auni. Bargon ƙaramin gado na ɗan makarantar kwana da na gadon amarya ba aiki ɗaya ba ne, haka nan ɗinkin layi miƙaƙƙe mai tazara da ɗinki mai zane wanda ake juya yadi a ƙarƙashin allura sau ɗari. Wanda ya taɓa duba agogo ya rubuta sa'o'in da kowane iri ya ci masa, ya huta da yanke farashi ta hanyar kallon takalmin mai saye. Zai kuma iya ajiye aiki hawa uku, ta yadda idan aka nemi ragi sai a sauka zuwa ɗinki mai sauƙi maimakon a rage kuɗi aikin yana nan yadda yake.

Wurin da gwanjo ba ya iya gasa shi ne inda ya kamata a fi sa ƙarfi. Dila ba ta kawo bargo da labule da rigunan matashi masu launi ɗaya daidai da ɗakin amarya, ba ta kuma sabunta tsohon bargon da yadinsa ya mutu audugarsa na da sauran rai. Irin wannan gyara jarinsa kaɗan ne, kusan duk kuɗinsa na hannu ne. Haka nan bargon da ake haɗawa da guntayen atamfa da teloli ke sharewa, sai dai shi yana cin lokaci ƙwarai, kuma wanda bai ƙidaya lokacinsa ba ya fi yin asara a kansa fiye da kowane aiki. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da masaukan baƙi na garin, su ma kasuwa ce da ba ta jiran hunturu.

Game da rance kuwa, yankin ya ga shirye-shirye iri-iri, daga Bankin Jama'a na 1989 da bankunan al'umma na 1990 har zuwa TraderMoni na Naira 10,000 a 2018. Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996, mai mazauni a unguwar Bayan Loko, ta yi suna wajen bai wa matan karkara ƙananan basussuka. Amma bashi ba ya gyara farashin da aka yanke ba daidai ba. A lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, wanda ya ci bashi ya ɗinka bargon Naira 32,500 ya sayar Naira 26,000 ya ƙara wa asararsa kuɗin ruwa ne kawai. Rance na da amfani idan babban keke mai iya huda bargo mai kauri za a saya, ko kuma an riga an karɓi aikin makaranta ko otel a rubuce.

Adashi ma, wanda shi ne bankin yawancin matan sana'ar, hauhawar farashi ta taɓa shi, domin wadda ta kwashe a wata na goma ba ta sayen abin da ta farko ta saya da kuɗi iri ɗaya. Inda ya fi amfani shi ne idan mata biyar ko shida suka haɗa kwasar wata guda, suka tura mutum ɗaya Kano ya saro musu bandir na yadi da audugar roba a watan Agusta ko Satumba, kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshin hunturu. Kuɗin mota ya zama na mutum ɗaya, an sami farashin sari, kayan kuma sun rarrabu a gidaje shida maimakon shago ɗaya a cikin kasuwa.