Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi ƙaramin fiyanon MIDI

Duk wanda ya leƙa situdiyon haɗa kiɗa a 'yan shekarun nan, ko a Zoo Road da ke Kano ko a ɗakin wani matashi mai laftof da sifika biyu, da wuya bai ga wani ɗan ƙaramin fiyano ajiye a gaban kwamfuta ba. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, maɓallansa farare da baƙaƙe guda 25 ne, ga 'yan fitilu masu ɗaukar ido. Yana shiga jakar goyo tare da laftof, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na babban fiyano ba, shi ya sa masu sha'awar koyon kiɗa suke rububinsa. Sai dai akwai abin da mai shago ba lallai ne ya gaya maka ba: wannan abu ba shi da sauti ko ɗaya a cikinsa. Ka kai shi gida ka yi ta dannawa har gari ya waye, ba abin da za ka ji sai ƙwas-ƙwas ɗin roba. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi. In ka cire 'yan ƙalilan irin su Akai MPK Mini Play da aka sa wa sifika, duk sauran bebaye ne har sai an jona su da kwamfuta ko waya.

Ruɗanin yana da dalili. Tun shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa suka fara tashe, abin da situdiyoyinmu suka saba da shi shi ne fiyanon Casio da na Yamaha, musamman samfurin PSR, wanda ke ɗauke da komai a cikinsa: sarewa, ganguna, sifika, har da kiɗan rakiya mai tafiya da kansa. Wancan cikakken kayan kiɗa ne. Wannan kuwa aikinsa irin na rimot ɗin talabijin ne, shi ba ya nuna hoto, umarni kawai yake aikawa. Sautin yana can cikin kwamfuta, a manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda ta fi kowace karɓuwa a wajen matasanmu, ko Cubase da Ableton Live na Jamus, ko Logic ga masu kwamfutar Apple.

Umarnin da yake aikawa shi ake kira MIDI, wani yare ne da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi. Kafin a samar da shi, na'urar wannan kamfani ba ta jin maganar na'urar wancan. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan, su ne kan gaba wajen shawo kan kamfanoni su yarda da tsari guda. A watan Janairun 1983, a wajen baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Amurka, aka jona fiyanon Prophet-600 da na Roland Jupiter-6, aka danna wannan wancan ya amsa. An ba mutanen biyu lambar Grammy ta fasaha a 2013 saboda wannan aiki. An fito da sabon zubi mai suna MIDI 2.0 a 2020, amma har yau yawancin ƙananan fiyanon da ke kasuwa da tsarin farko suke aiki, kuma ya ishe su.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan ka danna maɓalli, wani ɗan gajeren saƙo na lambobi ne yake bi ta kebul, yana gaya wa kwamfuta abu uku: an danna, ga maɓallin da aka danna, ga kuma ƙarfin da aka danna shi. Kowane maɓalli yana da lambarsa tsakanin 0 da 127, maɓallin C na tsakiyar babban fiyano shi ne lamba 60. Ƙarfin dannawa shi ma ana auna shi har zuwa 127. Ka ɗaga yatsa, wani saƙon ya tafi cewa an saki. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai mahaɗar lantarki biyu, ɗaya tana rufewa kafin ɗaya, na'urar sai ta auna tazarar lokacin da ke tsakaninsu. Idan tazarar gajeriya ce ta san da zafi ka buga, idan doguwa ce ta san a hankali ka taɓa. Ke nan saurin saukar yatsa take aunawa, shi ya sa ƙara danne maɓalli bayan ya riga ya sauka ba ya ƙara komai a yawancinsu.

A nan ne alherin abin yake. Tunda lambobi kwamfuta ta adana, komai yana gyaruwa bayan an gama bugawa. Ka buga kari da muryar fiyano, ka ga bai dace ba, sai ka mayar da shi sarewa ko jita ba tare da ka sake taɓa maɓalli ba. Yatsarka ta goce ta taɓa maɓallin kusa, sai ka ja shi da mawus ka mayar inda ya kamata. Mawaƙiya ta zo ta ce kiɗan ya yi mata sama, muryarta ba ta kaiwa, sai ka zaɓi duka ka sauko da shi mataki biyu ko uku, sautin bai gurɓata ba. Haka ma sauri, ka ƙara ko ka rage yadda kake so. Wanda ya taɓa naɗar kiɗa kai tsaye daga fiyano zuwa faifai ya san cewa a wancan tsari kuskure ɗaya yana nufin a koma farko.

To, maɓallai 25 sun isa? Babban fiyano na asali 88 gare shi, PSR ɗin da aka saba gani kuma 61. Muryoyin kiɗa suna tafiya ne hawa-hawa, kowane hawa maɓallai 12, bakwai farare biyar baƙaƙe, daga nan su maimaita kansu a sama. Maɓallai 25 hawa biyu ne da ɗoriyar ɗaya. Akwai madannai biyu a gefe da ke ɗaga duka allon sama ko su sauke shi ƙasa, don haka babu muryar da ba za ka iya kaiwa ba, illa dai ba a lokaci guda ba. Ga mai haɗa kiɗa wannan ba wata matsala ba ce, don da ma ɗaya bayan ɗaya ake ginawa: a fara da ganga, a ɗora bes, a ɗora kari, a yi ado. Sannan da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi biyar suke yawo, kuma baƙaƙen maɓallan nan biyar su kansu wani tsani ne mai muryoyi biyar. Sabon shiga ya gwada bin su kaɗai, zai ji kari yana fitowa tun bai san sunan ko ɗaya ba.

Amma wanda burinsa ya iya fiyano da hannu biyu, ya yi kiɗa a gaban jama'a a wajen biki ko taro, kada ya yaudari kansa. Maɓallan ƙanana ne, mai kaurin yatsu zai riƙa taɓa biyu a tare, hannu biyu kuma ba sa sakewa a hawa biyu. Ya nemi mai 49 ko 61 mai cikakken girma.

Ban da maɓallai, yawancinsu suna zuwa da wasu faffaɗan madannai na roba masu kusurwa huɗu da ake bugawa da yatsa don ganguna, da 'yan mamurɗai da ake ɗora wa aikin ƙara murya ko sauya launin sauti. Akai MPK Mini yana da takwas-takwas na kowanne. Arturia MiniLab da Novation Launchkey Mini su ma suna da nasu, Korg microKEY kuwa kusan maɓallai ne zalla. Abin da ni na fi ba muhimmanci, kuma aka fi yin watsi da shi, shi ne abin lanƙwasa murya. A wani ɗan sanda ne, a wani gare ne da ake turawa, a wani kuma ziri ne da ake goga yatsa a kai. Kalangu ba a murya ɗaya yake tsayawa ba, makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, da haka yake kwaikwayon magana. Goge da kukuma su ma zamewa suke yi daga murya zuwa murya. Maɓallin fiyano shi kaɗai ba ya iya wannan, tsalle yake yi daga mataki zuwa mataki. Da abin lanƙwasawar ne za ka kusanci wannan zamiya. Yawancin sautuka suna zuwa da iyakar mataki biyu sama biyu ƙasa, amma ana iya faɗaɗa ta a cikin manhaja. Kusanta na ce, don ko kusa ba zai maye gurbin makaɗin da ya gaji sana'ar ba, kuma in da hali, gara a kira shi a naɗi kalangunsa na gaske.

Jona shi ba wuya. Kebul ɗin USB ɗaya ne yake kai saƙo ya kuma ba shi wuta, ba ya neman soket, don haka ko an ɗauke wuta aiki yana ci gaba muddin laftof na da caji. Yawancinsu kwamfuta tana gane su da kanta. A fara jona shi kafin a buɗe manhaja. A FL Studio a danna F10, a nemi sunansa a jerin na'urorin shigarwa, a kunna shi. Yana kuma aiki da waya ta hanyar ɗan mahaɗin OTG, da manhajoji irin su FL Studio Mobile, ko GarageBand ga masu iPhone.

Ƙorafin da ya fi yawa a wajen sababbi shi ne jinkiri: ka danna, sai bayan ɗan lokaci sauti ya fito, duk kiɗan ya rikice. Nan da nan sai a ɗora wa fiyanon laifi, alhali saƙonsa yana isa kusan nan take. Matsalar tana wajen fitar sauti. Kwamfuta tana tara sautin ne ƙunshi-ƙunshi kafin ta miƙa wa sifika, girman ƙunshin nan shi ake kira bafa. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, daƙiƙa ɗaya ta sauti gutsure 44,100 ce. Idan bafa tana kan 1024, jiran ya kai kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, kuma hannu yana jin haka sarai. A kan 256 bai kai kashi 6 ba, wanda kusan ba a lura da shi. Maganin a Windows shi ne a zaɓi direban sauti na ASIO, ko wanda ya zo da FL Studio, ko ASIO4ALL na kyauta, ko mafi kyau wanda ya zo da katin sauti na waje, sannan a rage bafa. In aka rage ta fiye da ƙarfin kwamfutar, sauti zai fara tsattsagewa, sai a ɗan ƙara. Dabarar masu sana'a ita ce ƙaramar bafa lokacin bugawa, babba lokacin tacewa. Sifika ko abin kunne na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, jinkirinsa ya wuce a yi kiɗa da shi.

Wani zai ce, tunda ana iya zana kiɗa da mawus a allon manhaja, ko a buga da maɓallan rubutu na laftof, me ya sa za a kashe kuɗi? Gaskiya ne, kuma an yi waƙoƙi da yawa ta haka. Amma abin da aka zana da mawus yakan fito da ƙarfi ɗaya, ya faɗa daidai kan layi, ba gaba ba baya, shi ya sa kunne ke saurin gajiya da shi. Hannun mutum ba haka yake ba. Wani bugun yana da nauyi, wani shafa ce kawai, wani ya ɗan riga, wani ya ɗan makara, kuma a cikin wannan ɗan bambanci armashi yake. Wannan shi ne ainihin abin da kake saye. Abin takaici, da yawa sukan saya sannan su kashe amfanin da hannunsu: su kunna madannin da ke sa kowane bugu ya fita da cikakken ƙarfi 127, su kuma sa manhaja ta ja kowane bugu ta daidaita shi kan layi ɗari bisa ɗari, abin da ake kira kwantayiz. Gyaran ba laifi ba ne, amma a yi shi rabi da rabi, manhajojin suna ba da damar haka. A kuma lura da irin layin da aka zaɓa. Yawancin manhajoji da layin huɗu-huɗu suke buɗewa, alhali kiɗa da yawa namu uku-uku yake tafiya. Ka tilasta wa kiɗan uku-uku hawa layin huɗu-huɗu, ka ji ya koma wani abu dabam da ba ya rawuwa.

Wajen saye, musamman na hannu, a je da laftof. A gwada kowane maɓalli a hankali sannan da ƙarfi, a ga ko lambar ƙarfin tana sauyawa, don maɓallin da ƙura ta shiga yakan daina amsawa ko ya riƙa fita da cikakken ƙarfi kullum. A girgiza kebul a bakin ramin USB a ga ko yana yankewa, nan ne suka fi mutuwa. A duba ko akwai ramin jona fedar riƙe sauti. Sababbi suna zuwa da manhajoji da sautuka na kyauta da ake karɓa ta hanyar rajistar lambar jikin na'urar a shafin kamfani, kuma in mai shi na farko ya riga ya yi rajista, mai yiwuwa ba za ka same su ba, don haka a sa wannan cikin ciniki. Lokacin hunturu a riƙa rufe shi da ƙyalle.

Wanda kuma yake da Yamaha PSR ko Casio a gida, ya juya bayansa ya duba tukuna. In akwai ramin USB na jonawa da kwamfuta, ko zagayayyun ramuka masu ƙofofi biyar da aka rubuta MIDI a kansu, to ya riga ya mallaki abin da yake shirin saye, har da ƙarin maɓallai. Kebul kawai zai nema.