Hasken da ido ba ya gani

Ɗan'uwa mai karatu, ka san in an jefa dutse cikin tabki, ruwa yakan yi igiya-igiya har bakin gaɓa. To haske ma haka yake tafiya, igiya bayan igiya. Wasu igiyoyin dogaye ne, wasu gajeru. Idonka kaɗan yake gani cikinsu. Igiyar da ke kawo maka labarai cikin radiyo doguwa ce. Wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a likita gajeruwa ce ƙwarai. Duka biyu ba ka ganinsu, amma ga su nan suna aiki.

Akwai wata igiya da ake kira teraherts. Ta fi ta radiyo da ta salula gajarta, amma ta fi hasken da ido ke gani tsawo. Sunan ya fito daga Herts, wani masani Bajamushe wanda ya tabbatar da igiyar radiyo wajen shekara ta 1887. Shi kuwa "tera", ma'anarsa miliyan sau miliyan. Wato igiyar nan tana kaɗawa kamar sau miliyan miliyan cikin daƙiƙa guda. Tsawonta bai kai rabin milimeta ba.

Mine ne halinta? Tana ratsa tufa, da takarda, da kwali, da roba. Amma ƙarfe yana maido ta baya, ruwa kuma yana shanye ta. Ka riƙe wannan da kyau, don amfaninta da kasawarta duk daga nan suka fito. Abu na biyu, ba ta da ƙarfin lalata ƙwayoyin jiki kamar hasken ɗaukar hoton ƙashi.

Ga misalin amfaninta. A shekara ta 2003, kumbon Amurka mai suna Kolumbiya ya tarwatse yana kan hanyar dawowa ƙasa, mutum 7 suka rasu. Wani guntun soso ne ya ɓalle daga tankin mai lokacin tashi, ya fasa mishi fiffike. Bayan haka sai ma'aikata suka shiga haska soson tanki da teraherts, don su ga rami ko tsaga da ke ɓoye ciki ba tare da sun yanka shi ba. A masana'antu kuma ana auna kaurin fentin mota da ita, da kaurin ɓawon ƙwayar magani. A 2016, masu bincike a Amurka sun karanta baƙaƙe a shafi 9 na takardu da aka jera bisa juna, ba su buɗe ba.

Yanzu ga kasawarta. Iskar da muke shaƙa akwai laima cikinta, ko da rani. Laimar nan tana cinye igiyar kafin ta yi nisa. Shi ya sa masu nazarin taurari suka kafa na'urorinsu na ALMA cikin hamadar Atakama ta ƙasar Cile, bisa tudu mai tsawon mita 5000, inda iska ta bushe ƙayau. Kuma na'urar da ke samar da igiyar da ƙarfi tana da wuyar ƙerawa, ga tsada.

Jikin ɗan Adam fa? Fiye da rabinsa ruwa ne. Saboda haka teraherts ba ta wuce fata: ko milimeta guda ba ta shiga. Ba ta kai ga hanta, balle ƙoda ko ƙashi.

A nan ne za ka yi hattara. Akwai masu yawo da wata ƴar na'ura mai hura iska mai zafi, suna cewa ta teraherts ce, wai tana warkar da ciwon suga, da hawan jini, da shanyewar jiki. Babu wani bincike da ya tabbatar da haka. Mai ciwon suga da ya bar maganinsa ya koma ga hurin iska, ransa ya sa cikin haɗari, ga kuɗinsa sun tafi. In an kawo maka irin wannan, ka yi tambaya guda: abin da ba ya wuce fata, ƙaƙa zai kai ga ciwon da ke cikin ciki? In ba ka da lafiya, ka tafi likita a duba ka.