Daga Guwanzu zuwa Kasuwar Dole: lissafin da ke jiran matashi mai son shigo da tufafi

Duk shekara, da azumi ya kai tsakiya, babbar kasuwar Maraɗi da Kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Yamai sukan cika da masu neman kayan salla: shadda, atamfa, leshi, abaya, jallabiya da rigunan yara. Kusan dukkan wannan kaya daga waje yake zuwa. Shi ya sa matasa da dama, da 'yan uwansu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Turai, suke ganin saye da sayar da tufafi a matsayin ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Sau da yawa jarin ma gumin shekaru ne na wani yaya da ya turo wa ƙaninsa. Idan aka yi kuskure, bayan kuɗin da za su salwanta, zumunci ma yakan taɓu.

Inda kayan ke fitowa

Kowane kaya da gidansa. Rigunan yara, yadi da atamfa mai sauƙin kuɗi galibi daga Sin suke, musamman biranen Guwanzu da Yiwu. Abaya da gyale ana ɗauko su daga unguwar Deira ta Dubai, kayan mata da kwat kuma daga unguwannin Laleli da Merter na Istanbul. Shadda mai tsada irin ta Getzner daga Ostiriya take, atamfar Vlisco kuma daga Holan. Akwai kuma gwanjo, wato bosho, da ke zuwa a dila mai nauyin kilo 45 ko fiye. Mai ƙaramin jari yakan fara da Kantin Kwari ta Kano, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ko ta Magarya, kafin ya ɗaga ido zuwa ƙetare.

A yau ba sai mutum ya hau jirgi ba. Ana ganin kaya a Alibaba, a yi ciniki ta WhatsApp ko WeChat, wani wakili a can ya karɓa ya haɗa da na sauran 'yan kasuwa a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da kayansa suka ci. Jirgin sama ya fi sauri, amma da kilo ake biya, don haka ya fi dacewa da kaya marasa nauyi masu tsada.

Hanya ta ƙara tsawo

Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru tashar Kwatano ce babbar ƙofarta, kaya su bi ta gadar Malanbil zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, iyakar ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar iyakar Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Manyan motoci suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi nisa, jiran ayari yana cin kwanaki, kuɗin mota kuma ya hau. Ɗan kasuwar Damagaram yana da ƙarin tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai kafin dilarsa ta iso shago.

Wannan jinkiri ya fi ciwo a sana'ar da ke rayuwa da lokaci. Kayan salla da suka iso bayan salla, kuɗi ne a kwance. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa kusa da hutun sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni. Mai son kaya a hannu kafin azumi, sai ya ba da oda watanni uku zuwa huɗu kafin nan.

Abin da duwan ke karɓa

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne lissafa riba daga farashin da suka gani a waya. Ɗinkakkun tufafi suna cikin rukunin da ake biyan kashi 20 cikin 100 a duwan, kuma ana lissafa shi ne a kan kuɗin kaya haɗe da na jigila da inshora. Sannan harajin TVA na kashi 19 ya hau kan jimillar. Misali, kayan da suka tsaya a miliyan ɗaya na sefa za a biya musu jika 200, sai TVA jika 228, wato jika 428 ke nan, ban da ƙananan haraji irin na kashi 0.5 da ƙasashen AES suka sanya a Maris 2025, da ladan wakilin da ke fitar da kaya, da na masu dako.

Akwai kuma batun canji. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma Sin da Dubai da dala ake yawan ciniki, kuma dala tana hawa tana sauka. Ita ma naira idan ta faɗi, masu saye daga Najeriya sukan ragu a Maraɗi da Birnin Ƙonni, kayan Kano kuma su yi araha har su karya na wanda ya ɗauko daga nesa.

Takardu da amana

Wanda zai shigo da kaya da sunansa yana bukatar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, waɗanda ake nema ta Maison de l'Entreprise. Masu kauce wa takardu sukan fake da sunan wani babban ɗan kasuwa, kuma ranar da kaya suka ɓata ba su da abin nunawa.

Tsofaffin hannu a sana'ar suna bin wasu ƙa'idoji. Sukan nemi samfuri su taɓa kafin babbar oda, domin hoto ba ya nuna ko yadi zai zuba ko zai tsuke in an wanke. Ba sa biyan kuɗi duka ga wanda ba su taɓa hulɗa da shi ba. Sukan gwada turmi su tabbatar ya cika yadi shida. Sukan kuma kiyaye bashi, wanda ya durƙusar da shaguna da yawa: kaya sun ƙare, kuɗi suna hannun dangi da abokai har wata salla.

Ga ɗan ci-ranin da ke turo jari kuwa, abin da ya fi tsare zumunci shi ne a rubuta komai tun farko: nawa aka zuba, nawa ne rabon mai tsaron shago, yaushe za a zauna lissafi. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Dila biyu da aka sayar aka ga ribarsu a littafi sun fi koya wa matashi kasuwa a kan rabin kwantenar da ke zaune a Lome ranar hawan idi.