Daga motar kara zuwa jirgin tururi: yadda ake ƙera ƙaramin kan jirgi mai tafiya da wuta



Duk wanda ya tashi a nan ya san motar kara da motar gwangwani da yara ke ja da igiya. To a Ingila akwai manya, wasu har da furfura, da ke ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa wanda ba a jansa. Wuta ake hura masa, ya tashi da kansa, har ya ja mutane a bayansa. A ƙasar ne jirgin tururi ya fara ɗaukar fasinja a 1825, tsakanin Stockton da Darlington.

Yaya abin yake aiki? Ku dubi tukunyar tuwo in ruwa ya tafasa, murfi na rawa. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi wuri kusan ninki 1,700 na inda yake. In aka rufe shi cikin tukunya mai ƙarfi, aka bar masa hanya ɗaya, sai ya bi bututu ya tura fistan gaba da baya. Fistan ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Shi ke nan, jirgi ya tashi.

Mai ƙera ƙaramin yakan ɗauki awon babban ya rage kowane sashe daidai, misali kashi ɗaya cikin takwas. Irin wannan yana tafiya a kan dogo mai faɗin kusan santimita 18. Ana yin tukunyar da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe mai kauri, a gurza ƙafafu da fistan a inji. Aiki ne na shekaru, ba na mako ɗaya ba.

Mu kam babban ma ba mu gani ba tukuna. Dogo ya isa Kano a 1911. Wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun 1936, bai ƙaraso Malanbil ba, balle Gaya. Na Yamai zuwa Dosso, kilomita kusan 140, an buɗe shi a watan Janairun 2016, amma bai shiga jigila ba. Shi ya sa har yau rakenmu da dankalinmu a mota suke fita.

Yanzu ga inda muke so iyaye da maƙera da masu walda su buɗe kunne. Yara na ganin irin wannan a waya, su ɗauko gwangwani su cika da ruwa, su toshe baki, su ɗora a wuta. Wallahi wannan ba wasa ba ne. Gwangwani zai fashe, tururi ya saɓule fata ko ya tafi da ido. Masu wannan sana'a ba sa hura wuta sai sun gwada sabuwar tukunya da ruwan sanyi, a matsi ninki biyu na wanda za ta yi aiki da shi. Kuma dole a sa bawul da ke sakin tururi da kansa in ya yi yawa.

In ɗanka na da wannan basira, kar ka kashe masa gwiwa. Kai shi wurin maƙeri ko makarantar koyon sana'a, ya fara da ƙafafu da sanduna da awo. Maganar tukunya da wuta kuwa, sai gaban malaminsa.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya sa albarka a hannunsu.