HOTUNAN DA WATA BAƘUWA TA ƊAUKA A BIKIN FESTAC SUN FITO FILI BAYAN SHEKARA 45

A cikin watan Janairu na shekarar 1977, wata budurwa 'yar shekara 23 mai suna Marilyn Nance ta sauka a filin jirgin saman Legas daga birnin New York na ƙasar Amurka, tana rataye da kyamara, jakarta kuma cike da ƙullin fim. Ta zo ne a cikin ayarin baƙaƙen fatar Amurka da suka halarci Bikin Nuna Al'adun Baƙar Fata na Duniya karo na biyu, wato FESTAC, wanda aka buɗe ran 15 ga Janairu, aka kuma rufe ran 12 ga Fabrairu na wannan shekara. Kafin ta koma gida sai da ta ɗauki hotuna wajen 1,500.

Mafi yawan waɗannan hotuna sun zauna a ajiye a hannunta har tsawon shekara 45, sai a cikin 2022 ne aka zaɓi wasu aka buga su a wani littafi mai suna Last Day in Lagos, wato ranar ƙarshe a Legas. Tun fitowar littafin masana tarihi da masu sana'ar hoto ke ta tattaunawa a kansa, kuma tambayar da ta fi damun mutanen Nijeriya a cikin zancen ita ce: in har baƙuwar da ta yi wata guda kacal a ƙasar ta iya adana nata, ina hotunan da 'yan gida suka ɗauka suka shiga?

BIKIN DA BA A SĀKE IRINSA BA

Ga wanda bai riski zamanin ba, ya kamata a ɗan yi masa bayani. An fara irin wannan biki ne a birnin Dakar na ƙasar Senegal cikin 1966. Na biyun ya faɗo a kan Nijeriya a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa kamar ruwan sama. Mutane wajen 16,000 suka zo daga ƙasashe fiye da 50, akwai makaɗa da mawaƙa da marubuta da masu sassaƙa da shaihunan malamai. Saboda saukar baƙi aka gina unguwa sukutum wadda har yau ake kira Festac, aka kuma kammala Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu cikin 1976. Alamar bikin kuwa ita ce fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia, wadda sojan Ingila suka kwashe daga Benin cikin 1897. Da aka nemi gidan ajiye kayan tarihi na London ya ba da aronta sai ya ƙi, dole aka sassaƙa wata madadinta.

Arewa ma ba a bar ta a baya ba, domin a Kaduna aka yi gagarumin hawan daba, inda sarakuna suka zo da dubban mahaya dawaki da raƙuma, aka kuma gina Otal ɗin Durbar saboda baƙin wannan hawa.

Marilyn Nance ita ce mai ɗaukar hoto ta ayarin Amurka ta Arewa. A cikin abin da ta ɗauka akwai Stevie Wonder yana kaɗa ganguna a Iganmu, da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu tana waƙa a Dandalin Tafawa Ɓalewa, da Sun Ra da jama'arsa suna gwajin kiɗa a masaukinsu. Amma abin da ya fi jan hankalin masu duba littafin shi ne hotunan mutanen da ba a san sunansu ba, waɗanda ke jiran mota, ko suna hira a masauki, ko suna cikin cunkoson 'yan kallo. Hotunan hukuma sukan tsaya ne a kan manya da jawabansu, ita kuwa ta juya kyamararta wajen talakawa, saboda haka aka sami yadda mutane suke ɗaura ɗankwali, da irin takalman da ake yayi, da irin kallon da baƙo da ɗan gari suke yi wa juna.

ABIN DA YA SA FIM YA BAMBANTA

Matasan da suka tashi da wayar hannu, wadda ke ɗaukar hoto ɗari a zama guda, zai yi musu wuya su gane halin da matafiyi mai kyamarar fim yake ciki. Ƙullin fim na yau da kullum hoto 24 ko 36 yake ɗauka, daga nan ya ƙare. Hoto 1,500 ke nan ya ci ƙulli fiye da 40, kuma kowane ƙulli sai an saye shi, an yi dakonsa, an kare shi daga zafi da haske. Bugu da ƙari mai ɗauka ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an wanke, wataƙila makonni bayan ya koma ƙasarsu, lokacin da ba halin gyara kuskure. Wannan ne ya sa masu hoto na da suke da natsuwa, sai sun auna haske, sun daidaita nisa, sun jira lokacin da ya dace kafin su danna.

Shi fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa wani irin danƙo mai ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa. In haske ya faɗa kansu sai su sāke hali, amma ido ba ya ganin kome sai an tsoma fim ɗin a ruwan magani cikin ɗaki mai duhu. A nan ne inda haske ya taɓa yake yin baƙi, inda bai taɓa ba ya zauna garau, shi ya sa ake ganin baƙin mutum ya koma fari, farar riga ta koma baƙa. Wannan shi ne dodon hoto, wanda masu sana'ar ke kira nagatif, kuma shi ne uwa, domin daga jikinsa ake wanke kati ko guda nawa ake so, ko da bayan shekara hamsin ne.

Akwai kuma wata al'ada ta masu hoto wadda ta taimaka ƙwarai wajen tattauna irin waɗannan hotuna. Sukan yanka fim gunduwa-gunduwa, su jera a kan takarda guda, su wanke duka hoto 36 ƙanana a shafi ɗaya. Mai duba irin wannan shafi yana ganin tafiyar baki ɗayanta a jere: inda mai hoton ya fara, da wanda ya tsaya yi wa magana, da abin da ya ɗauka sau uku don bai gamsu ba. Da irin waɗannan shafuka ne ake gano rana da wuri, a kuma tuna wa mai hoton abin da ya manta.

YADDA KASUWAR TA TASHI TA FAƊI

Tun asali ma don matafiya da sauran jama'a aka yi kyamarar fim. A cikin 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta. In mutum ya ƙare sai ya aika da ita kamfanin a garin Rochester, a wanke masa, a sa sabon fim a mayar masa. A cikin 1935 aka fitar da Kodachrome mai launi, wanda masu yawon duniya suka riƙa haska shi a bango da majigi, dangi da abokai su taru suna kallo suna tambaya.

Abin mamaki, wani injiniyan kamfanin Kodak ɗin ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim, cikin 1975, shekara biyu kafin FESTAC. Sannu a hankali wannan sabuwar fasaha ta cinye kasuwar uwar gidanta. An daina yin Kodachrome cikin 2009, wurin wankinsa na ƙarshe a duniya, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010, sa'an nan a watan Janairu na 2012 kamfanin Kodak ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Duk da haka fim bai mutu ba, domin sha'awar matasa ta sa an dawo da irin wanda ake kira Ektachrome cikin 2018.

HASARAR DA AKA YI A GIDA

Wannan canji ya yi wa Nijeriya ɓarnar da ba a lura da ita da wuri ba. Da masu shagunan hoto suka koma sabuwar kyamara, sai tulin dodon hoto ya zame musu kaya mai cin wuri. A cikin 2015 wani mai fasaha ɗan asalin Nijeriya haifaffen Ingila, Karl Ohiri, ya tarar masu hoto a Legas suna zubar da nasu, wasu ma suna ƙonawa. Shi da abokiyar aikinsa Riikka Kassinen suka shiga bin shaguna suna tattara abin da ya saura, a ƙarƙashin wani shiri da suka kira Lagos Studio Archives. Da yawa daga abin da suka samu zafi da laima sun riga sun ci, fuskoki sun narke, launi ya dagule. An nuna wasu daga cikinsu, da lalacewarsu da kome, a babban gidan nunin fasaha na MoMA da ke New York cikin 2023, kuma wadda ta shirya nunin, Oluremi Onabanjo, ita ce dai ta tsara littafin Marilyn Nance.

Gine-gine ma ba su tsira ba. Kwana shida bayan rufe FESTAC, ran 18 ga Fabrairu 1977, soja suka ƙone gidan Fela Anikulapo-Kuti da ake kira Kalakuta, shi da ya ƙaurace wa bikin, baƙi suka riƙa tururuwa zuwa wurin wasansa da dare. Otal ɗin Durbar na Kaduna kuwa, bayan ya daɗe a yashe, an rushe shi a watan Janairu na 2020. Yaron da aka haifa bayan haka ba shi da hanyar sanin kamannin wurin sai ta hoto, in an sami wanda ya adana.

ABIN DA KE CIKIN AKWATUNAN GIDAJE

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na Legas da Amurka ne kaɗai. Da wuya a sami babban gida a ƙasar Hausa da ba shi da hoton tafiya na zamanin fim: alhazai a bakin jirgi ran tashi zuwa Makka, ɗalibin da ya tafi karatu Alƙahira ko London yana tsaye cikin kwat, soja a bakin aiki, fatake a Kumasi ko Fort Lamy, wadda ta koma N'Djamena cikin 1973, ko mahayin da ya raka sarkinsu hawan Kaduna. Sau da yawa katin yana rataye a bango rana ta koɗe shi, dodon kuwa yana cikin ambulan a ƙasan adaka, ko an ba yara sun yi wasa da shi.

Maƙiyan fim uku ne: zafi, da laima, da hannun mutum. Laima tana kawo fumfuna wadda ke cin danƙon da hoton yake kai. Zafi yana sa ledar ta fara ruɓewa, alamarsa kuwa wani wari ne mai tsami, kuma in ƙulli ɗaya ya kamu yakan hanzarta lalacewar na kusa da shi, don haka sai a ware shi. Fim mai launi ya fi saurin koɗewa, domin rini ne a jikinsa, baƙi-da-fari kuwa azurfa ce, shi ya sa ya fi ƙarko.

Masana ajiye kayan tarihi suna ba da shawara a sa dodon hoto cikin takarda mai tsabta, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, nesa da rufin kwano da bangon da ke tsatsafo da damina. Kada a ɗaure shi da roba, kada a kama shi sai ta gefe. A kai shi inda za a kwafe shi a kwamfuta, amma kada a yar da shi bayan an kwafe, gama waya takan ɓace, kwamfuta takan lalace, shi kuwa ko a hasken taga aka ɗaga shi za a ga abin da ke ciki.

Abin da ya fi duka gaggawa shi ne sunaye. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin tsohon hoto sai an haɗa biyun, domin hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba ya zama bebe. Wanda ya je FESTAC yana ɗan shekara 25 ya haura 70 yanzu, kuma kullum irinsu raguwa suke yi. Ya kamata a fito da hotunan a shimfiɗa a gaban dattawan gida, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wane ne wannan, wane gari ne nan, wace shekara ce, da wa aka yi tafiyar? A rubuta amsar da fensir a bayan katin, kada a yi da biro, don tawada takan huda ta ɓata fuskar hoton. In kuma an ga hoton ya shafi tarihin jama'a, ana iya sanar da wurare irin su Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, domin masu bincike su san da shi.

Marilyn Nance ba ta fi masu hoton Nijeriya na zamaninta kayan aiki ba, kuma ba ta fi su sanin ƙasar ba. Abin da ta yi shi ne ta riƙe dodon hotunanta shekara 45 ba ta yar ba, har ranar da aka zo nema.